Rijiya Ta Bayar, To Ina Gugan?

Duk wanda ya taɓa zama bakin babbar hanya a Tasawa bayan la'asar ya san ƙarar tankokin mai. Daga Damagaram suke fitowa, sun sha kaya a matatar SORAZ, su miƙe Maraɗi da Ƙonni da Yamai, mu su bar mu da ƙura da warin gazuwal. A fadar da nake zama in na je gida an saba da su har ba mai ɗaga kai. Ran nan kuwa, ana tsakiyar shayi na biyu, wani matashi malamin makaranta ya bi wata tanka da ido har ta ɓace, sannan ya ce shi fa kallo ya ishe shi, so yake ya shiga sahun masu man.

Muka zaci raha ce, sai ya ciro salula. Ashe yayansa da ke zaune Ingila ne ya ba shi labarin Savannah Energy, kamfanin da ke da izinin neman mai a Agadem, wanda ake cinikin hannayen jarinsa a Landan. Farashin ya faɗi warwas, in ji shi, ga kuma mai kwance a ƙasa, ga bututu an gama. Yana da jikka ɗari biyar da ya kwasa a adashe, zai tura wa yayan ya saya masa, ya jira ranar da abin zai tashi.

Wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, wanda ya fi shekara talatin yana awo tsakanin ƙauyukan Mayahi da Maraɗi, ya ajiye ɗan kofinsa. Ya ce, "Mushe, kai ka ga man da idonka?"

"Alhaji, ai kamfanin ne da kansa ya ba da sanarwa. Rijiya biyar suka haƙa, duka biyar aka samu mai."

"To madalla. Nawa suka sayar?"

Malamin ya ɗan yi shiru, ya ce wannan kam sai ya duba. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ɗana, cinikin biri a sama ke nan."

Irin wannan musun ake tafkawa dare da rana tsakanin ƙananan masu hannun jari a Ingila, tsofaffin ma'aikata da masu ƴan shaguna da suka zuba ajiyarsu a kamfanonin neman mai na Afirka. Da ƙarfe bakwai na safe agogon Landan kamfanoni suka saba fitar da sanarwa, kafin a buɗe kasuwa da ƙarfe takwas. Cikin wannan sa'a guda sai a rabu gida biyu: masu cewa arziki ya zo, da masu cewa a gudu tun da sauran dama. Akasarinsu ba su taɓa taka Nijar ba, amma sun haddace sunayen rijiyoyin Agadem kamar yadda muka haddace sunayen unguwanninmu. Abin da nake so in ce shi ne, malamin da Alhaji kowa ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin da suka bari ya fi shafarmu fiye da jikka ɗari biyar ɗin.

Mu fara da abin da malamin ya faɗa, don bai yi ƙarya ba. A watan Agustan 2014 kamfanin, lokacin yana amsa sunan Savannah Petroleum, ya shiga AIM, wato ɓangaren ƙananan kamfanoni na kasuwar hannayen jari ta Landan. An sayar da kowane hannu a kan kwabo 56 na Ingila, fam ɗaya kuwa kwabo 100 ne. Jarinsa a lokacin shi ne yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin Nijar a kan wani yanki na Agadem, ya ƙara wata a 2015. A 2018 ya haƙa rijiyoyi biyar: Bushiya, Amdigh, Kunama, Eridal da Zomo. Duka biyar aka tarar da mai. A sana'ar da ake iya haƙa rijiya bayan rijiya a tashi a tutar babu, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, kuma masu hannun jari sun yi ta murna.

Sai dai har shekarar 2024 ta ƙare ba a fara sayar da ɗanyen mai daga waɗannan rijiyoyi ba. A tsakanin nan kamfanin ya bazama wasu wurare. A 2019 ya sayi harkar iskar gas a kudu maso gabashin Najeriya, wadda ita ce ke kawo masa kuɗin shiga na gaske. A Disamban 2022 ya kammala sayen kadarorin ExxonMobil a Chadi, amma a Maris na 2023 gwamnatin Chadi ta mayar da su mallakar ƙasa, magana ta koma gaban masu sasanci na duniya. A wannan Disamban dai ya ba da sanarwar zai sayi kadarorin kamfanin Petronas a Sudan ta Kudu a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 1.25. Da yake cinikin ya fi kamfanin kansa girma, dokar kasuwar ta sa aka dakatar da saye da sayar da hannayen jarinsa, suna kusan kwabo 26. Cinikin Sudan ta Kudu ya wargaje a Agustan 2024. Ba a sake buɗe ƙofa ba sai a Maris na 2025, lokacin da kamfanin ya sayar da sababbin hannaye a kan kwabo 7.

A auna wannan da ma'aunin gida. Wanda ya saya ranar farko a kan 56, in aka yi masa kuɗi a kan 7, buhu takwas ya zuba ya kwashi ɗaya. Fiye da shekara biyu kuma ba shi da ikon sayarwa, ko da matarsa ce ke kwance asibiti. Kamfanin na gaske ne, da ma'aikata da ofisoshi da gas da yake sayarwa, kuma yana iya yiwuwa gobe ta yi masa kyau. Labarinsa dai ya nuna irin nisan da ke tsakanin "an samu mai" da "an sayar da mai".

Mutumin arewacin Mayahi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan nisa. A can akwai rijiyoyin da sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya, yaro ya kora shi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo baki. Ranar da maginin rijiya ya taɓo danshi, gari kan ɗauki guɗa. Amma danshi ba ya shayar da garke. Sai an ga ko idon ruwan yana da ƙarfi, ko in an ja guga ashirin zai ƙafe. Sai an ɗaure ta da siminti kada ta rufta. Sai an samu igiya da wasaki da dabbar ja, sannan a daidaita da masu filin da makiyayan da za su bi ta gonakin mutane su zo. Hausawa suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Sanarwar kamfanin mai kusan kullum labarin rijiya take bayarwa. Mai hankali gugan yake tambaya.

Gugan man Nijar kuwa tarihinsa a fili yake. Tun shekarun 1970 aka fara ganin alamar mai a gabashin ƙasar. Texaco da Esso da Elf da Petronas duk sun zo sun haƙa, sun ga mai, sun tattara sun tafi, saboda hamada ce mai nisa da teku, kuɗin fitar da man ya fi ƙarfin ribar. Sai a 2008 gwamnatin Mamadou Tandja ta ƙulla da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, bisa sharaɗin gina matata. Ranar 28 ga Nuwamban 2011 shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na CNPC, kashi 40 na gwamnati. Fiye da shekara talatin ke nan tsakanin danshi da gugan farko. Babban bututun da ya tashi daga Agadem, ya ratso jahohin Diffa da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso har tashar ruwa ta Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, an fara shi a 2019. Ana gab da cin moriyarsa aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, iyaka ta rufe, dangantaka da Benin ta yi tsami. A Mayun 2024 shugaba Patrice Talon na Benin ya hana lodi, daga baya aka bar jirgin farko ya ɗauka. A Yuni ƴan tawaye suka fasa bututun, aka yi ta kwan-gaba kwan-baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da injiniyan da ya auna rijiyar Amdigh zai iya hangowa, amma kowanne ya taɓa aljihun mai hannun jari.

Saboda haka na ce wa malamin, kafin ya tura ko dala, ya koyi karanta sanarwa kamar yadda Alhaji ke duban buhu: ba ya yarda da hatsin da ke baki sai ya soka ya ga na ƙasa. Akwai tambayoyi huɗu da ba sa bukatar digiri.

Ta farko, wane irin mai ake magana? Kamfanoni suna da kalmomi daban-daban. Akwai man da ake kyautata zaton yana nan tun ba a haƙa ba. Akwai wanda aka haƙa aka gani, amma ba a tabbatar za a iya fitar da shi da riba ba. Akwai kuma wanda aka tabbatar, aka shirya kuɗi da hanyar sayar da shi. Na farko hadari ne a gabas, na biyu hatsi ne a tsaye a gona, na uku shi ne damin da ya shiga rumbu. Manyan lambobin da ke sa jini ya hau galibi na kashi na farko da na biyu ne.

Ta biyu, da kuɗin wa za a yi aikin? Kamfanin da bai fara sayar da man rijiyarsa ba, ko ya ci bashi, ko ya sayar da wani ɓangaren filinsa, ko ya buga sababbin hannayen jari. In ya buga sababbi, musamman a farashi mai rahusa, kason tsofaffin masu hannu ya ragu. Tuwon bai ƙaru ba tukuna, hannayen da ke cikin akushi ne suka ƙaru.

Ta uku, me aka yi alkawari bara? Sanarwa ɗaya ba ta nuna halin kamfani, sai an jera ta shekara uku ko huɗu an ga sau nawa "nan da ƙarshen shekara" ya koma baɗi. Dillalin da ya ce maka gobe sau biyar, kai ma ka san abin da gobensa take nufi.

Ta huɗu, in na bukaci kuɗina, ta wace ƙofa zan fita? Rago na turke, ko kasuwa ta faɗi, ka iya jansa ka sayar da asara ka biya bukata. Hannun jarin da aka dakatar da cinikinsa ko da asarar ba ya sayuwa. Balle wanda aka saya da sunan wani a wata ƙasa, komai amanar da ke tsakani.

Wani zai ce ai Landan ce, akwai doka, ba a sakin sanarwar banza. Dokar tana nan, amma ba ta hana a yaudari kamfanin kansa. A farkon Janairun 2020 Lekoil, kamfanin man Najeriya da ke kan wannan kasuwa ta AIM a lokacin, ya sanar da cewa ya samu rancen dala miliyan 184 daga hukumar zuba jari ta ƙasar Katar. Farashin hannunsa ya yi tashin gwauron zabi. Kafin mako biyu ta bayyana cewa hukumar ba ta san da zancen ba, wasu ne suka yi sojan gona, bayan kamfanin ya biya kusan dala 600,000 na la'ada da hidima. Waɗanda suka saya saboda daɗin sanarwar su suka kwana ciki. In masu lauyoyi da akantoci za su faɗa irin wannan rami, ina ga mai karanta labarin a salula a Korgom ko Kanambakashe?

Zuwa nan Alhaji yana ta gyaɗa kai, yana ganin na tsaya masa. Amma ban bi shi har inda ya kai ba, don shi cewa ya yi duk harkar hannun jari caca ce, gara mutum ya sayi hatsi ya ajiye. Na ce, "Alhaji, kai da kaka kake saye ka kulle sito, kana jiran bazara. Shekarar da gwamnati ta fito da hatsi mai rahusa, ko damina ta yi kyau a Najeriya farashi ya ƙi tashi, wa ya biya ka?" Ya ce wannan ai kasuwa ce. Na ce to wancan ma kasuwa ce. Bambancin, shi ya san hatsi tun yana yaro, yana da mutane a kowace kasuwar ƙauye da ke gaya masa yadda tiya ta kwana. Kasadarsa da ilimi take tafiya. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta mallakar hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, bisa sharuɗɗa. Abin da fiƙihu ya hana tun asali shi ne cinikin garari, irin sayen kifin da ke cikin ruwa. Jahilcin mai saye na iya mayar da ciniki mai kyau ya koma hakan. Kuma kuskure ne a haɗa kamfani mai rajista da bayanan kuɗi a fili da tsare-tsaren damfara irin su MMM da ta daskare da kuɗin mutane a Disamban 2016, ko CBEX da ta rufe a Afrilun 2025. In muka ce duka ɗaya ne, matasanmu ba za su daina neman inda za su sa kuɗi ba, sai dai su kasa bambance rijiya da rami.

Ga wanda ke son koyon wannan harka, akwai ma inda ya fi kusa. Kasuwar hannayen jari ta BRVM da ke Abijan ta ƙasashe takwas ce masu amfani da sefa, har da Nijar, kuma bankin BOA Nijar yana cikin kamfanonin da ake cinikinsu a can. Da sefa ake saye, da sunanka ake rubutawa, ta hannun dillalai masu izini. Can ma ana riba ana asara. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin kamfanonin da ke haƙar man Agadem a wannan kasuwa. Ɗan fansho a Ingila yana iya mallakar ɗan yanki na rijiyar Kunama daga ɗakinsa, ɗan Tasawa kuwa sai ya bi ta hannun yayansa.

Wannan ya kawo ni ga rabin da na ce su biyun sun bari. Malamin yana neman hanyar shiga sahun masu man, alhali tun haihuwa yana ciki. Hukumomi da kansu sun ce kashi 25.4 cikin 100 na ganga 90,000 da aka tsara bututun zai riƙa ɗauka kullum na Nijar ne. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da ruwan kashi 7, za a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda. Wannan dukiyar da wannan bashin na mai saƙar tabarmar kaba ne a Gulbin Kaba, na ɗan kabu-kabu ne a tashar Mayahi, na Alhaji ne, nawa ne. Mu ne masu hannun jarin da ba a aiko wa sanarwa.

Dubi bambancin. Dokar kasuwar Landan ta tilasta wa kamfani ya bayyana duk labarin da zai iya motsa farashi ba tare da jinkiri ba, ya kuma buga lissafin kuɗinsa sau biyu a shekara. Shi ya sa baƙon da ke da hannu na fam ɗari yake da bakin musu, har ya tashi a taron shekara ya yi wa shugaban kamfani tambaya. Mu ma mun taɓa rubuta irin wannan haƙƙi. Sashe na 150 na kundin tsarin mulkin 2010 ya wajabta a buga kwangilolin albarkatun ƙasa da kuɗin da kowane kamfani ya biya gwamnati a jaridar hukuma. An jingine kundin bayan juyin mulki, amma hikimar da ke cikin sashen ba ta tsufa ba. Nijar ta fice daga shirin ITIE na bayyana kuɗin ma'adinai a 2017, ta koma a 2020. Ko a lokacin da ake buga rahotannin, da Faransanci suke, a intanet, ba su isa fada ba.

Mun kuma ga abin da rashin bayani ke haifarwa. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa da ya daɗe yana rufa wa jahar Maraɗi asiri ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai. A Yulin 2024 aka rage litar isansi daga sefa 550 zuwa 499, aka yi murna. A Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai zuwa ƙetare, saboda abin da SORAZ ke tacewa bai kai bukata ba. Da ana faɗa wa mutane lambobin tun farko, ganga nawa ake tacewa, lita nawa ake sha, da abin bai zo wa kowa a ba-zata ba, da kuma jita-jita ba ta samu wurin zama ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Duk wata uku ma'aikatar man fetur da SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, su faɗi ganga nawa aka haƙo, jirgi nawa ya yi lodi a Seme, a kan nawa aka sayar, nawa ya tafi biyan bashi, nawa ya shiga baitulmali. A karanta shi da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Buzanci a gidajen rediyon karkara, yadda ake karanta farashin hatsi da na dabbobi. Mai cewa man ya dawo hannun ƴan ƙasa, wannan ce hujjar da za ta fi kowane jawabi ƙarfi. In wata rana aka yanke shawarar sayar wa ƴan ƙasa wani kaso na kamfanin mai na gwamnati, sai ya tarar da mutanen da suka riga suka iya tambaya.

Malamin bai ce ya fasa ba, ni ma ban ce ya fasa ba, kuɗinsa ne. Ya dai ɗauki tambayoyin nan huɗu a murya ya tura wa yayansa, ya ce in amsa ta zo zai kawo ta fada a tattauna. Ana zuba shayi na uku wata tanka ta sake wucewa, har kofuna suka yi rawa a kan faranti. Wannan karon Alhaji ne ya bi ta da kallo. Ya juyo ya ce, "To ku masu boko, cikin wannan da ta wuce, nawa ne namu?"

Mu bakwai ne a kan tabarmar, har da tsohon ma'aikacin kwastan. Babu wanda ya iya ba shi amsa.